Sunan Da Khairiyya Ta Daina Kira

Akwai wani likita a wani asibiti a garin Gumel, sunansa Siddiq.

Kafin in yi nisa, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, sai kun yi mini afuwa. Labarin nan ya daɗe a kaina, kan kuwa ya tsufa. Shekarar da abin ya faru ta ɓace mini, ban kuma iya tuna ko kafin kaka ne ko bayanta. Sunan likitan ma ya taɓa kufce mini, sai daga baya na samo shi, zan gaya muku yadda aka yi idan mun kai can. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

Dakta Siddiq ɗan Mangawan Gumel ne, wato jinin Barebari. Gajere ne kakkaura, mai fara'a, hannunsa da albarka a ɗakin tiyata. Abu biyu aka san shi da su: turare da tsokana.

A asibitin kuma akwai Dakta Khairiyya, Bafulatana, 'yar wani Arɗo da ke zaune da dukiyarsa a wajejen Gagarawa Tasha. Ita ke duba mata da yara. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, sai fa in ta ga Siddiq.

Yaran da suka tashi a manyan birane wataƙila ba su sani ba, tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya, ba a fushi, ba a kai ƙara. Kowa cewa yake yi ɗayan bawansa ne. Na yi yawon karatu har Damagaram, can ma haka na tarar.

To, waɗannan likitoci biyu sai suka mayar da wasan nan abin karin kumallo.

Shi yakan ce a sa mata dutse a aljihun farar riga kada iska ta kai ta Nijar ba fasfo. Yakan ce Bafillace sai ya kai saniya asibiti sau goma kafin ya kai kansa sau ɗaya. Ita kuma takan ce turarensa na riga shi shigowa gari, kuma asibiti na asarar allurar barci a banza, tunda in ya sunkuya kan majiyyaci shi ke nan an suma.

Kullum kuma da safe, idan sun haɗu a baranda, sai ya tsaya a gaban nas-nas ya ce, "Khairiyya, yaushe za a kawo mini ke? Ƙwaryar fura ɗaya ta isa sadaki."

Ita kuma ta ce, "Siddiq, ko ka kwashe shanun kasuwar Maigatari ka kawo, Baffa ba zai ba bawansa 'ya ba."

A yi dariya, kowa ya kama aikinsa. Marasa lafiya ma har jiran wannan suke yi, wasu su ɗaga kai daga matashi don kada ya wuce su.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, maganar ta daɗe da zama gaskiya a zuciyar Siddiq. Son ta yake yi, so na aure. Amma ya samu wasan nan ya mayar da shi maɓoya. Idan ta ce a'a, ai wasa ne, girmansa bai taɓu ba. Yakan shirya magana mai kyau a mota tun daga gida, da ya gan ta sai bakinsa ya zarce da ƙwaryar fura. Yana ganin lokaci na nan, wata rana zai faɗa.

Wata safiya aka kawo mahaifin Khairiyya, Arɗo Cindo, a motar haya. Gumi na tsattsafo masa, ya dunƙule hannu a kan mara, amma da aka tambaye shi inda ke ciwo sai ya ce lafiya lau, gaisuwa ya zo. Ya kuma hana 'yarsa shigowa ɗakin. Ta tsaya a bakin ƙofa, likita guda, ba ta da ikon cewa komai.

Wannan ɓangaren da idona na gani, don ina kwance a gadon da ke kusa da taga, ƙafa ta kwantar da ni.

Siddiq ya duba shi. Ƙaba ce, hanji ya maƙale, idan ba a yi aiki a ranar ba, abin zai iya zama na rai. Arɗo ya ce shi ba a sa masa wuƙa, kuma akwai saniyar da ke kan haihuwa a gida, a ba shi ƙwaya ya tafi. 'Ya'yansa maza suka roƙe shi, ya juya musu ƙeya. Aka kira limamin masallacin asibiti, Malam Ilu, ya yi nasiha mai daɗi, Arɗo ya gode masa ya ce a miƙo masa sandarsa.

Sai Siddiq ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ku ƙyale shi ya tafi," in ji shi. "Dama na gaya muku Bafillace ba ya iya kallon wuƙa. Kwanan nan na yi wa wata tsohuwa Babarbariya irin aikin nan, tana ba ni labarin jikokinta har na gama. Arɗo, Allah ya kiyaye hanya. Ranar Alhamis zan shiga kara, kasuwar shanun Maigatari, in ba da labari, cewa ka ga wuƙar Babarbare ka gudu ka bar takalmi. Matsoraci dai matsoraci ne."

Ba wanda ya taɓa jin an kira dattijon nan matsoraci.

Arɗo ya juyo a hankali ya ƙare masa kallo. Sannan ya ɗaga riga ya nuna tabon bulalar shaɗi da ke ƙirjinsa.

"Yaro, an yi mini waɗannan ina murmushi, lokacin ubanka na koyon shafa turare. Ɗauko wuƙar. In ka ji na yi nishi, ka shiga garke ka zaɓi bijimi."

Nan Siddiq ya sauke ƙafa, ya sauke murya, ya yi masa bayani a tsanake, abin da za a yi da abin da ake tsoro, har dattijo ya amince da saninsa. Sai rigima ta koma kan allurar barci, don Arɗo ya ce ido biyu za a yi masa. Siddiq ya ce allurar ba don shi ba ce, don likita ce, kada ya tsare shi da idon nan hannunsa ya kama rawa. Arɗo ya ce in dai don tausaya wa Babarbare ne, a yi.

Aiki ya yi kyau. Siddiq ya riƙa leƙo shi a kai a kai, shi ke wanke masa ciwon da hannunsa, suna ta yi wa juna tsiya, har aka sallame shi.

Amma tun washegarin aikin, wani abu ya canza.

Siddiq ya tare Khairiyya a baranda kamar kullum, ya kawo zancen ƙwaryar fura. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina kwana, Likita," ta raɓa ta wuce.

Ya ɗauka gajiya ce. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ya tsokane ta da dutse a aljihu, ta yi ɗan murmushi ba ta rama ba. Abin da ya fi damun sa, sunansa ya fita daga bakinta gaba ɗaya. Idan tana neman sa sai ta ce wa nas, "Ku kira mini likitan ɗakin maza." Idan ana hira aka zo kansa sai ta ce "shi," ko "wancan." A da kuwa daga ƙarshen baranda take kwaɗa masa kira.

Siddiq ya zauna ya yi lissafinsa shi kaɗai, ya fitar da amsa. Ya kira ubanta matsoraci a gaban jama'a, tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Wasa wasa ne, amma uba uba ne. Lalle ta tsane shi, har sunansa ma ba ta son ya taɓa harshenta.

Babbar nas ta asibitin, Sista Naja'atu, mace ce mai shekaru, ta kuma ga abin da ke faruwa sarai. Wata rana ta tsayar da shi ta ce tana da magana game da Dakta Khairiyya. Ya ji tsoron a tabbatar masa da abin da yake zato. Sai ya yi maza ya ce in dai maganar Fulani ce, a kai ta ofishin likitan dabbobi. Ya yi dariya ya wuce. Sista ta bi shi da kallo, ta girgiza kai.

Turaren dai bai ragu ba, amma mai turaren ya rame.

A lokacin akwai wani Dakta Habibullah da ke aiki a Maigatari, iyalinsa na Gumel, ya daɗe yana neman wanda za su yi musanyar wurin aiki. Siddiq ya kira shi ya ce ya yarda. A ganinsa, tunda ganin sa na ɓata mata rai, gara ya ɗauke mata fuskarsa. Magana ta je gaban manya, aka amince, aka ce ƙarshen wata zai koma.

Labarin ya kai kunnen Khairiyya. Ta shiga ofis ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba. Daga ranar, ko ɗan murmushin ma ya ɗauke. Siddiq ya ga haka ya ce a ransa, to ka gani, ashe ban yi kuskure ba.

Abu ɗaya ya rage masa. Ya ga bai dace ya bar gari bai nemi gafarar dattijon ba. Ranar hutunsa ya sayi goro da sukari, ya kama hanyar Gagarawa da hantsi. Daga Tasha ya saki kwalta, ya bi burtali yana tambaya, har ya kai rugar.

Ya tarar da Arɗo a gindin tsamiya, ya yi ƙiba kaɗan, yana gyaran igiya. Da ganin sa dattijo ya ce a ɓoye ƙwaryar nono, ga mayunwaci ya zo. Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura. Siddiq ya durƙusa, ya ƙi hawa tabarmar.

Ya ce ya zo neman afuwa ne kan kalmar da ya faɗa a asibiti. Arɗo ya tambaye shi wace kalma. Da ya faɗa, dattijo ya yi dariya har ya dafe wurin ɗinkin.

"Kai da ka ba ni raina a hannu? In Babarbare bai zage ni ba, wa zai zage ni? Wa ya ce maka na yi fushi?"

Siddiq ya ce ba wanda ya faɗa, amma 'yarsa ta yi. Ya kwashe komai ya gaya masa: ta daina ramawa, ta daina kallon sa, ko sunansa ba ta kira. Shi ya sa ma zai koma Maigatari.

Arɗo ya ajiye igiyar. Ya daɗe yana kallon shanunsa.

"Kwanan da na yi a wurinku, ka taɓa jin na kira sunan yarinyar nan?"

Siddiq ya yi tunani. Gaskiya bai taɓa ji ba. Kullum sai dai "yarinyar nan," ko "likitarku."

"'Yar fari ce. Tun da aka raɗa mata suna bai fito daga bakina ba. Ƙin ta nake yi?"

Siddiq ya ce a'a.

Dattijo ya nuna wata bukka da haɓa. "Uwarta na can. Mun tsufa tare, ba ta taɓa faɗin sunana ba, ko a bayan idona. Ita ma ƙi na take yi?"

Sai Siddiq ya tuna. A gidansu ma haka ne, mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunan mahaifinsa ba. Abin da ya tashi a cikinsa ne, tsoro kawai ya rufe masa ido.

Arɗo ya ce duk zuwan da yarinyar nan take yi gida, takan ba uwarta labarin asibiti, ta kira sunan kowa har mai gadi. A da sunan wani Babarbare ya fi na kowa yawa, har ya ishe su. Tun bayan aikin nan sai ya ɓace, ya koma "mutumin nan." Uwar ta gane tun ranar farko. Shi ma ya gane. Har ƙannenta sun gane.

"Mu Fulani sunan da ya yi mana nauyi shi muke ajiyewa. Kai kuma ka iya buɗe cikin mutum ka ga hanji, amma wannan ya gagare ka."

Siddiq ya matsa kusa, ya fara cewa in haka ne, shi yana neman. Arɗo ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Ni ba na karɓar magana daga bakinka. Duk abin da ya fito daga nan wasa ne, haka ka saba mana. Ita ma abin da ya dame ta ke nan. Kullum kana neman aurenta a gaban mutane, ba ta san ranar da kake nufi ba. Yanzu ta ji za ka tafi, ta ce ashe duk wasa ne. Je ka gyara abin da ka ɓata. Shanye furar tukuna."

Washegari Siddiq ya je aiki bai shafa turare ba.

Ya tarar da Khairiyya ta fito daga ɗakin yara, tana wanke hannu a famfon da ke gindin darbejiya. Har ya tsaya a bayanta ba ta sani ba, don ba ƙanshin da ya yi masa sallama. Da ta juyo ta ɗan razana.

Ya gaishe ta. Sannan ya ce, "Khairiyya, ina son ki, aurenki nake nema. Na daɗe ina nema, tsoro ya sa nake naɗe shi da wasa. Ki yafe mini."

Ta tsaya tana jiran ƙwaryar fura. Ba ta zo ba.

Sai ta gwada shi. Ta ce yau kuma turaren ya ƙare ne, ko masu shago sun gaji da shi? Ya ce a'a, ajiye shi ya yi. Ta ce ai ba ta san Babarbare na iya tsayawa a rana ba tare da an ba shi kujera ba. Ya ci gaba da tsayuwarsa a ranar. Ta ce bawa dai ba ya auren 'yar ubangidansa.

Waɗanda suka leƙo ta taga sun ce sun ga amsar ta taso masa har maƙogwaro, leɓensa na motsi. Ya haɗiye ta. Tun da suka san juna, ranar ce ta farko da ta jefe shi bai rama ba.

Khairiyya ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. "A je a ga Baffa."

"Na je."

"To a turo manya." Ta ɗan yi gaba, sannan ta tsaya ba ta juyo ba. "Amma kada a turo Barebari su kaɗai."

Bai ji shawarar nan ba, ko kuwa baffansa ne ya ƙi ji, na manta. Baffan dai, Alhaji Ɗantala, ya ce shi ba ya buƙatar ɗan rakiya wurin yi wa Bafillace magana. Ya tafi da abokinsa, shi ma Babarbare. Suka wuni a gindin tsamiya, su da Arɗo, ana gardamar wane ne bawan wane, ana dariya har da hawaye. Sai da suka dawo Gumel, Siddiq ya tare su a ƙofar gida ya tambayi yadda aka yi, sannan Alhaji ya tuna ba su faɗi abin da ya kai su ba. Goron ma na bayan mota.

A zuwa na biyu aka tafi da Malam Ilu liman, Bahaushe, ba ruwansa da wasan kowa. Ya zauna a tsakiya, ya hana kowane ɓangare buɗe baki har sai da ya gama. Arɗo ya ce ya bayar.

Maganar Maigatari kuwa ba ta warware ba. Siddiq ya riga ya yi wa Dakta Habibullah alkawari, mutumin har ya gaya wa 'ya'yansa, bai kuma ga dacewar ya janye ba. Haka ya zama ango mai bin bayan manyan motoci kullum safe da yamma, tsakanin Gumel da Maigatari. Ya daɗe yana wannan zirga-zirga. Khairiyya takan ce wa Sista Naja'atu hakan ma ya yi, ko banza hancin marasa lafiyar Gumel ya huta. Wasan ya dawo, sunan ne bai dawo ba.

Na ce zan gaya muku yadda na samo sunan.

Bara na koma asibitin a duba mini jini. Na hango Dakta Khairiyya a baranda, na gane ta, ita ma ta gane ni, ta rusuna muka gaisa. Labarin nan duka ya dawo mini, sai sunan mijin kaɗai, na juya na juya ya ƙi zuwa. Na ce, "'Yata, tuna mini sunan maigidan naki, tsufa ya cinye shi."

Ta yi murmushi ta dubi ƙasa. Sannan ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Sista, zo ki gaya wa Malam sunan Baban Amatullahi."

Sista Naja'atu ce ta faɗa mini. Ta kuma tabbatar mini har yau ba wanda ya sake jin sunan a bakinta.

Darasi: Wasa abu ne mai kyau, yana haɗa zumunci, har rai yana cetowa. Amma kada ka mayar da shi wurin ɓuya, har ranar da za ka faɗi gaskiya a rasa mai yarda da kai. Kada kuma ka yanke wa shirun mutum hukunci kai kaɗai, ka tambaya, ka saurari mai son gaya maka. Idan akwai maganar alheri da ka daɗe kana naɗewa da dariya, ka warware ta tun mai ita na kusa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san bakinsa ba ya gajiya da tsokana.